Babi na Shida: Haƙƙin Ido a Bakin Iyaka

Duk wanda ya taɓa bin hanyar da ta tashi daga birnin Katsina ta nufi yamma, ta biyo ta Magama inda ma'aikatan kwastan da na shige-da-fice suka kafa shingensu, sa'an nan ta tsallaka Ɗan Isa ta miƙe har Maraɗi, ya san ƙasar Jibiya wuri ne da mutane ba su cika miƙa wa dare wuya ba. Manyan motoci suna layi suna jiran a duba takardunsu, masu shayi suna hura wuta, 'yan dako da 'yan kabu-kabu suna kai da komo, balle kuma daren da za a wayi gari Lahadi, ranar da kasuwar Jibiya take ci, wadda fatake suke zuwa daga ɓangarorin iyakar biyu. Da aka rufe iyakokin Nijeriya a watan Agusta na 2019, wannan ƙofa ba ta sake buɗewa ba sai a Afrilun 2022. Aka kuma maimaita rufewar a Agustan 2023 bayan juyin mulkin Nijar, har zuwa Maris na 2024. A duk tsawon waɗannan shekaru fatauci bai mutu ba, sai dai ya bar titi ya koma ɓarauniyar hanya, ya bar rana ya koma dare, kuma ba a rasa samari 'yan makaranta cikin masu ɗaukar nauyinsa a bayan babur. Wannan babi zai yi magana ne a kan waɗannan samari da 'yan'uwansu mata, da abin da yake samun hankalinsu da zukatansu idan ƙararrawar makaranta ta kira su da sassafe alhali idanunsu ba su karɓi haƙƙinsu ba.

Mu fara da halittar jiki, domin ita ce asalin mas'alar. Allah Maɗaukakin Sarki ya sanya wa ɗan Adam wani ma'auni a cikin ƙwaƙwalwa wanda yake lissafa masa dare da rana ko da an kulle shi a ɗaki mai duhu, kuma binciken sirrin wannan ma'auni ne ya sa aka ba wasu malamai uku na Amurka, Jeffrey Hall da Michael Rosbash da Michael Young, lambar Nobel ta fannin likitanci a 2017. Idan almuru ta yi, haske ya ragu, sai ƙwaƙwalwa ta fara sakin wani sinadari da likitoci suke kira melatonin, wanda shi ne mai yi wa gaɓoɓi shelar cewa lokacin kwanciya ya gabato. Yaro ƙarami wannan shela tana zo masa da wuri, shi ya sa ake tsintar sa ya ɓingire a kan tabarma tun ba a kwashe kwanukan tuwo ba. Amma da zarar alamomin balaga sun fara bayyana, sai shelar ta riƙa jinkiri da sa'a ɗaya zuwa biyu, gajiyar wuni kuma ta daina saurin kayar da shi kamar dā. Malama Mary Carskadon ta Jami'ar Brown ita ce ta yi fice wajen tabbatar da haka tun cikin shekarun 1990, sa'an nan wani malamin Jamus, Till Roenneberg, ya nuna a 2004 cewa jinkirin yana ci gaba da ƙaruwa har wajen shekara 20, daga nan ya soma ja da baya a hankali har zuwa tsufa. Saboda haka dattijon da barci yake ɗauka bayan lisha, ya farka tun kafin kiran assalatu, idan ya dubi jikansa ɗan shekara 16 ya ce masa rago, haƙiƙa ya auna yaron ne da mudun da ba nasa ba.

Abin da ya ƙara tsananta al'amarin shi ne, jinkirin kwanciya bai zo da ragin buƙata ba. Ƙungiyar likitocin barci ta Amurka ta yi ittifaƙi a 2016 cewa mai shekara 13 zuwa 18 yana buƙatar barcin sa'a 8 zuwa 10 a kowane kwana. To, idan ido ba ya rufuwa sai wajen ƙarfe 11, aka kuma tashe shi ƙarfe 5, ko wanda bai yi nisa a ilmin lissafi ba ya ga giɓin da ya rage. Barci kuwa bashi ne, kuma jiki mai bin bashi ne da ba ya yafewa. Idan an hana shi da dare zai zo karɓa da hantsi a tsakiyar darasi, idan an kore shi da bulala zai koma ya karɓa daga natsuwar yaron da haƙurinsa.

Wannan magana ta ƙarshe tana da hujja. A 2007 Matthew Walker da abokan aikinsa sun hana wasu mutane barci dare guda, suka nuna musu hotuna masu tayar da hankali suna duban ƙwaƙwalwarsu da na'ura, sai suka ga sashen da yake kula da tsoro da fushi ya zabura fiye da na waɗanda suka yi barci da kimanin kashi 60 cikin 100, alaƙarsa kuma da sashen goshi, wanda yake yi wa zuciya linzami, ta yi rauni. A 2010 kuma James Gangwisch na Jami'ar Kolumbiya ya duba bayanan matasa fiye da 15,000, ya tarar waɗanda iyayensu suke barinsu har sha biyun dare ko fiye sun ɗara waɗanda ake sa su kwanta ƙarfe 10 yiwuwar kamuwa da ciwon baƙin ciki da kashi 24 cikin 100. Ciwon nan ba ɓacin rai ba ne na yini ɗaya. Ƙunci ne mai zama makonni, wanda yake raba mutum da sha'awar abinci da hira da karatu, wani lokaci har ya sa shi ƙin rayuwar kanta. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ƙiyasta cewa ɗaya cikin kowane bakwai na masu shekara 10 zuwa 19 yana fama da wata lalura ta ƙwaƙwalwa. Rashin barci da damuwa kuwa kowanne yana haifar da ɗan'uwansa: mai damuwa ba ya samun barci, marar barci kuma abu kaɗan ya ishe shi damuwa.

Da mutanen Amurka suka fahimci haka, sai suka waiwayi ƙararrawar makaranta, domin a ƙasarsu an saba fara darasin manyan ɗalibai tun ƙarfe 7 da 'yan mintoci, saboda motocin da suke ɗaukar yara su samu su yi sawu biyu ko uku. Garin Edina na jihar Minesota ya mayar da lokacin shiga aji zuwa 8:30 a 1996, birnin Miniyapolis ya bi sahu a 1997 daga 7:15 zuwa 8:40, Malama Kyla Wahlstrom kuma, wadda ta bi diddigin abin shekaru, ta ba da rahoton cewa fashin makaranta ya ragu, gyangyaɗi ya ragu, ɗalibai kuma sun rage kukan ƙuncin rai. A 2014 ƙungiyar likitocin yara ta ƙasar ta fitar da matsayarta cewa kada a fara darasin sakandare kafin 8:30. Birnin Siyatil ya ɗaga daga 7:50 zuwa 8:45 a 2016, aka ɗaura wa ɗalibai na'urar auna motsi a hannu, aka tarar barcinsu ya ƙaru da minti 34 a kowane dare, wanda ya rushe zaton masu cewa yara za su cinye rangwamen ne da ƙarin hira. Jihar Kalifoniya ta mayar da abin doka a 2019, ta fara aiki da ita a 2022. Adalci kuma ya wajabta a faɗi ɗaya gefen: jihar Fulorida ta yi irin wannan doka a 2023 ta janye tilascinta a 2025 saboda wahalar motoci da kuɗi, masu tace bincike na Cochrane kuma sun yi gargaɗi a 2017 cewa yawancin nazarce-nazarcen ba su kai ƙarfin da za a yanke hukunci da su kai tsaye ba. Abin da ya tabbata dai shi ne ƙarin barcin. Amfaninsa ga zuciya yana da alamu masu yawa da suka fuskanci alƙibla ɗaya.

To, sai mu komo gida, inda lalle ne mai hankali ya yi hattara kada ya ɗauko maganin da aka haɗa don wata cuta ya ɗura wa mai wata. Ɗalibin Siyatil ƙararrawar makaranta ce kaɗai take tashe shi, saboda haka idan an jinkirta ta an ƙara masa barci kai tsaye. Ɗalibin Jibiya kuwa ladan ne yake fara tashe shi, kuma babu hedimasta ko kwamishinan da yake da ikon jinkirta alfijir. A watan Yuni alfijir yana ketowa a Jibiya kafin ƙarfe 5, rana ta fito jim kaɗan bayan ƙarfe 6, lisha kuma ba ta shiga sai bayan ƙarfe 8 na dare. Wato ko da yaro ya sallame lisha ya wuce shimfiɗarsa kai tsaye bai tsaya cin tuwo ba, da ƙyar zai haɗa sa'a 8. A watan Janairu kuwa, tsakiyar hunturu, rana ba ta fitowa sai dab da ƙarfe 7. Akwai kuma wani abu da ba kowa ya lura da shi ba: agogon da Nijeriya da Nijar suke aiki da shi an daidaita shi ne da layin digiri 15 na gabas, wanda ya ratsa kusa da Tafkin Chadi, alhali Jibiya tana kan digiri 7 da ɗoriya. Kowane digiri minti 4 ne, saboda haka agogon bango a Jibiya yana gaban rana da kimanin rabin sa'a, ƙarfe 8 na makaranta kuma a lissafin rana, wanda shi jiki yake bi, bakwai da rabi ne.

Mai tambaya zai ce, ai kakanninmu sun yi sammako shekaru aru-aru, almajiran tsangaya suna karatu tun asuba, ba mu ji an ce hankalinsu ya taɓu ba. Gaskiya ne, amma a duba yinin nasu gaba ɗaya, kada a yanko farkonsa kawai. Mutumin dā yana tashi da asuba, ya yi aikinsa ko karatunsa har hantsi ya ɗaga, idan rana ta take tsaka ya nemi inuwa ya yi ƙailula, ya koma bayan azahar ko la'asar, da an yi lisha kuma fitilar aci-bal-bal ba ta da ƙarfin riƙe mutum a farke, sai gari ya yi tsit in ba daren farin wata ba. Makarantar allo ma tana da hutunta na Alhamis da Juma'a. Shari'a kuma ta ƙarfafa wannan tsari, gama malaman hadisi sun ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya kasance yana ƙin hira bayan lisha, kuma da labari ya iske shi cewa Abdullahi ɗan Amru ɗan Asi yana raya dare dukansa da salla, ya hana shi, ya karantar da shi cewa jiki da ido suna da haƙƙin da za a ba su. Idan ibadar nafila ba ta halatta a zalunci ido ba, ina ga abin da bai kai ta daraja ba?

Abin da ya faru a zamaninmu shi ne mun riƙe sammakon magabata, mun saki kwanciyarsu da wuri, mun kuma saki ƙailularsu. Tun daga makarantar da Ɗan Hausa ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909, da Kwalejin Katsina da ta biyo baya a farkon shekarun 1920, har zuwa shirin ilmin firamare na bai-ɗaya na 1976 wanda ya kai aji kusan kowane ƙauye, boko ya zo da yininsa dunƙule guda, daga safe zuwa bayan azahar, bai bar gurbin kwanciyar rana ba. Iyaye kuma, saboda kishin addini abin yabo, suka ƙara Islamiyya da yamma, wasu har da ta dare. Sa'an nan lantarki ya zo, da janareta, da fitilar sola, da wayar hannu. Horacio de la Iglesia, wanda shi ne ya jagoranci binciken Siyatil, ya taɓa kwatanta al'ummomi biyu na ƙabilar Toba a arewacin Ajantina, ɗaya tana da lantarki ɗaya ba ta da shi, ya tarar masu lantarkin sun fi jinkirin kwanciya, barcinsu kuma ya gaza na 'yan'uwansu da abin da ya kusa sa'a guda. Hasken dare yana danne melatonin, ya ƙara wa jinkirin balaga wani jinkirin. Ƙwallon zakarun Turai da samari suke cika gidan kallo dominta ana take ta ne ƙarfe 9 na dare a lokacin hunturu, ba a tashi sai wajen 11, kafin a gama musu a kan wanda ya ci da wanda ya ɓarar kuma sha biyu ta gota.

Bakin iyaka yana da nasa ƙarin a kan wannan. Akwai yaron da yake kwana yana fito da buhu ko jarka don ya samu kuɗin littafi da na jarrabawa, ya zo aji idanu jajur. Akwai yarinyar da take tashi kafin kowa ta hura wuta, ta ɗebo ruwa, ta yi wanke-wanke, wataƙila ta kai tallan koko ko ƙosai tasha kafin ta sa kayan makaranta. Akwai zafin bazara na Afrilu da Mayu, lokacin da ma'auni yake haura digiri 40, ɗakin kwano ba ya shiguwa sai dare ya raba, kuma a daidai wannan lokaci ne 'yan ajin ƙarshe suke kwana a kan littafi saboda jarrabawar WAEC. Mafi muni duka shi ne tsoro. Jibiya tana cikin ƙananan hukumomin Katsina da 'yan bindiga suka fi addaba, har ta shiga cikin waɗanda aka katse wa layin waya a Satumban 2021. Mutanen ƙauyuka da yawa sun yi hijira zuwa cikin gari ko sun tsallaka jihar Maraɗi, kuma tun daren 11 ga Disamba 2020, da aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar kwana ta Ƙanƙara, babu uban da yake tura ɗansa makaranta da zuciya ɗaya. Yaron da ya taɓa kwana a gona saboda jin harbi, ko wanda yake bin yayyensa sintiri, ko da ya samu shimfiɗa barcinsa sama-sama ne, motsin akuya ya isa ya zaburar da shi. Irin wannan yaro idan ya makara aka tare shi a ƙofar makaranta da dorina, ko aka sa shi tsallen kwaɗo, an hukunta shi ne a kan laifin da wasu suka yi masa. Wasu kuma don su iya jurewa sai su koma ga shayi mai kauri, daga nan a zarce zuwa ƙwaya irin tiramol, a nemi maganin gajiya a gamu da cutar da ta fi ta.

Saboda haka gyaran da ya dace da Jibiya shi ne a yi wa barci gurbi a cikin jadawali kamar yadda aka yi wa lissafi da Turanci, gurbin kuwa ƙofa biyu gare shi. Ta farko ita ce tsakanin asuba da shiga aji. Idan aka mayar da taron safe na manyan azuzuwa zuwa 8:30, musamman daga Disamba zuwa Fabrairu lokacin da gari ba ya wayewa da wuri kuma rana ba ta da zafin da za a ji tsoron tashi a makare, yaron da ya yi salla zai iya komawa ya ƙara sa'a guda, wanda yake tahowa daga ƙauye kuma ba zai kama hanya cikin duhu da hazo ba, abin da yake maslaha ce ta tsaro kafin ma a zo ga lafiya. Ta biyu ita ce ƙailula, kuma ita ce ta fi dacewa da bazara, lokacin da jinkirta tashi daga makaranta zai jefa yara cikin garjin rana. A nan ilmin zamani ya zo ya gaskata al'adar magabata: Michael Chee da abokan aikinsa a Singafo sun raba ɗalibai kashi biyu, wasu suka yi barcin sa'a 6 da rabi a dunƙule da dare, wasu sa'a 5 da dare da sa'a ɗaya da rabi da rana, sai masu ƙailular suka fi natsuwa da kaifin hankali da riƙe abin da aka koya musu, ko da yake duka ɓangarorin ba su kai wanda ya ƙoshi da barcin dare ba. Idan malaman Islamiyya suka tsayar da shigarsu bayan la'asar, iyaye kuma suka kame daga aiken yaro tsakanin dawowarsa da wannan lokaci, an samu gurbin ba tare da an kashe ko kwabo ba.

Kada a ce jadawalin makaranta abu ne da ba ya taɓuwa. Ana tashi da wuri ranar Juma'a saboda masallaci, a 2025 kuma jihohin Katsina da Kano da Bauci da Kabi sun daidaita hutun zango da watan Ramadan. Hukumar da ta iya motsa wata guda ba za ta gaza motsa rabin sa'a ba. Sauran aikin na gida ne da na aji. Uba ya sa dokar ajiye waya bayan lisha, ya fara da tasa, uwa ta raba aikin safe tsakanin 'ya'ya, kada ya taru a kan mace ɗaya, a riƙa ajiye darussa masu nauyi da gwaje-gwaje zuwa hantsi, malami kuma, kafin ya ɗaga bulala, ya ja yaron gefe ya ce masa, "Ɗana, ƙarfe nawa ka kwanta jiya, me kuma ya hana ka barci?" Idan amsar ta nuna tsoro mai maimaituwa, ko mugun mafarki, ko ƙuncin da ya wuce mako biyu, sai a haɗa addu'a da zuwa asibiti, gama dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a farkon 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, ta amince cewa wannan lalura ce da mai ita yake da haƙƙin a yi masa magani cikin mutunci. Wanda aka damƙa wa kiwon yara za a tambaye shi a kan abin da aka ba shi kiwo, kuma sa'o'in barcinsu suna cikin amanar, daidai da abincinsu da karatunsu.